Dombek da Ɗansa

Asabar, 6 ga Janairu, ƙarfe 5 na yamma

Ya zauna a kujerar Baba.

Ba wanda ya ce masa ya zauna, ba kuma wanda ya ce ya tashi. Na shigo shagon abinci na wata mata mai suna Wanda ina karkaɗe ƙanƙara daga takalmi, sai ga Garrett, mijin ƙanwata Lucille, ya baje a kujerar da ke jikin murhu, ya ma rataye rigar sanyinsa a ƙusar da Baba ke rataye tasa. Ya ɗago mini hannu, baki har kunne. "Yaya Norb! Zo nan, na ajiye maka wuri." Ni yake ajiye wa wuri, a teburin da na fara zama tun ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Mutumin nan fa, shekarar da ya auri Lucille, tambayata ya yi wai ko 'yan wasan sun san mun mallake su. Sai da na zaunar da shi kamar ɗan firamare. Na ce mu goma sha biyu ne, kowa da ƙungiyarsa ta takarda. 'Yan besbol na gaske muke zaɓa, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda, abin da suka yi a fili shi ne makinmu. Mai jifanka ya hana a buga, ka ci maki. Mai bugunka ya tsallakar da ƙwallo katanga, ka ci maki. In kaka ta ƙare kowa ya riƙe biyar, sauran a sake su, a yi sabon zaɓe a watan Maris. Sai ya ce, "Ashe kamar kiwon tattabaru ne."

Yau mai tattabaru ne ke riƙe da Dombek da Ɗansa. Sunan ƙungiyar Baba ke nan tun ina yaro ina karanto masa sakamakon wasa daga jarida. Ɗan da ke cikin sunan ni ne, ba wani ba. A watan Oktoba, kafin a kai shi gidan kula da tsofaffi, Baba ya miƙe a gaban Kawu Ambrose, shugaban gasarmu, ya ce ya bar wa Garrett. Na san doka, mutum ɗaya ba ya riƙe ƙungiya biyu, ni kuwa ina da tawa, Masu Gishiri. Amma ai ana tambaya. Da an tambaye ni, da na yar da tawa a take. Ba a tambaye ni ba.

Ba kishi nake ba. Abin ne bai yi tsari ba.

Lahadi, 7 ga Janairu, ƙarfe 10 na safe

Na tada motar Baba, na bar ta ta yi zafi, na kashe. Lucille ta kira. Ban ɗauka ba.

Talata, 9 ga Janairu, ƙarfe 1 na rana

Tun asuba nake kan motar share ƙanƙara, ina watsa gishiri daga gada har bakin tafki, amma kaina ba ya kan titi. Brito nake tunani.

Ni na raka Baba filin garinmu ranar da ya fara ganinsa. Eladio Brito, ɗan shekara goma sha tara, siriri kamar tsintsiya, hular ma ta yi masa yawa. Ya yi wata jifa mai lanƙwasa, ƙwallon ta taho kamar za ta wuce kan mai bugu, sai ta faɗo a gwiwarsa. Baba ya damƙe mini hannu har ya yi mini ciwo, ya ce, "Norbert, ka gani?" Ranar zaɓe ya ɗauke shi a zagayen ƙarshe, teburi duk aka yi masa dariya. Tun daga nan bai taɓa sakinsa ba. Brito ya ci masa kofi ya sake ci masa. Hotonsa na manne a jikin firijin Baba, sama da nawa na gama makaranta. "Yarona" yake ce masa. Ni kuwa Norbert ne, ko da yaushe Norbert, cikakke, kamar ana kiran suna a asibiti.

Yanzu Brito na hannun wanda sai ya duba waya kafin ya faɗa maka da wane hannu yake jifa. Kujera ba zan iya ƙwace ta ba, sunan ma haka. Amma ɗan wasa ana musayarsa.

Na san abin da Baba zai ce. Dokarsa ce da ba a rubuta ba, kowa a teburin ya haddace ta: ba a musaya a cikin sanyi. Ƙungiyoyin gaske ba su gama cinikinsu ba, ba ka san garin da ɗan wasanka zai kwana gobe ba. A jira ƙanƙara ta fara narkewa. Na ji ta har na gaji da ji.

To Baba ba ya teburin.

Alhamis, 11 ga Janairu, ƙarfe 6 na yamma

Na kira Garrett. Na yi masa tayin Brock Tillery.

Tillery mai bugu ne, bahago, ya fara tsufa. Ƙarfi yana da shi, amma filin ƙungiyarsa ƙato ne, a bakin teku, iska na dawo masa da duk abin da ya buga cikin hannun masu cafka. Dama sakinsa zan yi ranar riƙo. Wannan ban faɗa wa Garrett ba. Na ce masa ƙungiyarsa ta cika da masu jifa, ƙarfi ne babu.

Ya ce, "Yaya Norb, gaskiya ni ma lissafina ya nuna mini haka. Amma Brito fa? Baba zai yarda kuwa?"

Na ce, "Ba ka ya yi, ko aro ya ba ka?"

Ya yi 'yar dariya. "Ba ni ya yi."

"To ka yi abinka mana. Ko sai ka ɗauki izini kafin ka yi atishawa?"

Ya ce zai kwana a kai. Har zan kashe sai ya ce, "Gobe zan je wajensa in yi masa aski. Ka zo mu je mana."

Na ce hanya ba kyau. Ya ce to. Bai tuna mini cewa ni ne mai share hanyar ba, kuma wannan shirun nasa ya fi ba ni haushi.

Asabar, 13 ga Janairu, ƙarfe 4 da rabi na yamma

Brito nawa ne.

A teburinmu musaya ba ta zama sai an tafa a gaban Kawu Ambrose. Hannu ya taɓa hannu, an gama, ko sama za ta faɗo. Da Garrett ya faɗi sunayen, Duane mai gyaran famfo ya ajiye kofin giyarsa ya kama kai.

"Jama'a, a kira 'yan sanda! Fashi ne da rana tsaka! Norb, ko kunya ba ka ji? Mijin ƙanwarka ne fa!"

Rhonda, ita ma 'yar gasarmu, ta ce, "Garrett, ɗan'uwana, in kana da wani abin da ba ka so, ni ma ina da tsohon keke a gida."

Kawu Ambrose bai yi dariya ba. Ya zare tabarau ya dube ni. "Norbert. A Janairu? Kai da Chester ya haifa?"

Na ce, "Kawu, doka ta hana?"

"Ba ta hana ba."

"To a shaida."

Muka tafa. Hannun Garrett da ɗumi, har ya ƙara da ɗayan hannun a kai kamar mai yi mini barka. Wanda ta kawo kifi soyayye da dankali, na ci na ƙoshi, na biya wa kowa zagaye ɗaya. A mota ina ta faɗin sunan ni kaɗai, Brito na Masu Gishiri. Na ɗauka zan ji daɗi fiye da haka. Wataƙila sai gobe.

Lahadi, 14 ga Janairu, ƙarfe 10 na safe

Na tada motar. Ban je ba.

Laraba, 17 ga Janairu, ƙarfe 2 na rana

A rediyon mota na ji. Ina tsakiyar tura ƙanƙara a gaban makarantar yara, mai labarin wasanni ya ce an sayar da Eladio Brito ga ƙungiyar nan ta can yamma, ta saman duwatsu. Na gangara gefe na tsaya. Gishiri na ta zuba a wuri ɗaya, ban ma lura ba sai da wata mata ta danna mini hon.

Duk wanda ya taɓa zama a teburinmu ya san abin da garin nan ke yi wa mai jifa. Iskarsa ba ta da kauri. Ƙwallo ba ta lanƙwasa, miƙewa take yi ta zo wa mai bugu kamar an kawo masa a faranti, in kuma ya taɓa ta sai a tsince ta a wajen ajiye motoci. Brito kuwa lanƙwasar nan ce duk dukiyarsa. Rabin wasanninsa na kowace kaka a can zai yi su. Hannun shi ne, mutumin shi ne, amma jiya da safe yana cikin manyan masu jifa, yau ko kyauta aka ba mutum sai ya yi tunani.

Ba a musaya a cikin sanyi. Da muryarsa nake jin abin, har da tarin da yake yi a ƙarshe.

Alhamis, 18 ga Janairu, ƙarfe 7 na safe

Duane ya turo mini hoton dutse a waya. Ba rubutu. Dutse kawai.

Asabar, 20 ga Janairu, ƙarfe 5 na yamma

Na yi ta maza na je. In ban je ba za su ce na gudu.

Duane ya zo da igiyar hawan dutse ya ajiye a gabana. "Ka kai wa yaronka. Ka ce ya riƙa shan ruwa da yawa, wai numfashi na wahala a can."

Na ce, "Kai dai ka fara gyara famfon gidanka, matarka ta daina zuwa wanki gidan maƙwabta."

Aka kwashe da dariya, na ɗan samu sauƙi. Ba ni kaɗai sanyin ya taɓa ba ma. Rhonda na da mai jifan da ke rufe wasa, ƙungiyarsa ta sayo wani ta ɗora a kansa, yanzu nata ya koma ɗan jira, makinsa ya tafi. Amma ita ba da hannunta ta je ta ɗauko masifa ba, don haka jaje aka yi mata, ni kuwa igiya.

Garrett ya matso da kujerarsa. Kujerar Baba. Ya yi ƙasa da murya. "Yaya Norb, wallahi ban san za a yi haka ba. Raina bai yi daɗi ba."

Na ce, "Wa ya ce ka sani? Kai me ka taɓa sani?"

Ya koma wurinsa. Na ga Kawu Ambrose na kallona. Ko a jikina. Bayan haka ma Tillery har yanzu Tillery ne, tsoho a filin da iska ke cinye bugu. Ni na yi asara, shi ma bai ci riba ba. Da wannan na lallashi kaina har gida.

Talata, 23 ga Janairu, ƙarfe 12 na rana

An sayar da Tillery. Filin da aka kai shi katangar dama gajeruwa ce, tana kusa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kuma can ne daidai inda bahago ke aika ƙwallo. Sun ce kullum zai buga, na uku a layi. Mai rediyo har yana cewa wannan ne cinikin shekara.

Na kashe rediyon. Na ci abincin rana a cikin mota, ban san me na ci ba.

Laraba, 24 ga Janairu, ƙarfe 6 na safe

Ba kishi nake ba.

Asabar, 27 ga Janairu, ƙarfe 3 na rana

Da Garrett ya shigo, tafi suka yi masa. Tafi! Duane da ya ce a kira 'yan sanda shi ya fara miƙewa.

"Ranka ya daɗe! Ashe kai ne ɓarawon, muka tsaya tausayinka! Don Allah ka duba mini nawa biyar ɗin, ka faɗa mini wa za a sayar gobe."

Wanda ta kawo masa faranti ba tare da ya nema ba, har da ƙarin miya a gefe, yadda take yi wa Baba. Ni sai da na ɗaga hannu sau biyu.

Garrett ya ce, "Haba, ku bari. Sa'a ce kawai."

Kawu Ambrose ya gyaɗa kai. "Haka Chester ke cewa duk shekarar da ya ci mu. Sa'a ce kawai." Ya juya ga Rhonda, amma ya san ina ji. "Lokacin da ya ba yaron nan ƙungiya na ɗauka ciwon ne ke magana. Ashe tsohon ya san abin da yake yi."

Na ji kamar an zuba mini tafasasshen ruwa a ƙirji. Shekara da shekaru ina teburin nan, na san filin kowace ƙungiya da inda iskarta ke kaɗawa, ban taɓa ɗaukar kofi ba, ban kuma taɓa jin Kawu Ambrose ya haɗa sunana da na Baba a magana mai daɗi ba. Wannan ya zo jiya da waya a hannu, an ce ya gado shi. Me ya gada? Ko hancin gidanmu ba shi da shi.

Na ce ana kirana wajen aiki. Ba gajimare ko ɗaya a sama, kowa ya gani ta taga.

To, kishi nake. Na rubuta. Sai me?

Litinin, 29 ga Janairu, ƙarfe 7 na yamma

Lucille ta zo ba sallama, da makullin da na ba ta tun da daɗewa. Ta tsaya a kicin da rigar sanyinta, ko zama ta ƙi yi.

"Yaya, yaushe rabonka da shi?"

Na ce aiki ya yi yawa.

"Tun bikin cin talotalo na watan Nuwamba. Wata biyu ke nan. Don kawai ya dube ka a teburi ya tambayi sunanka..."

Na ce ta rufe mini baki.

"Ba da gangan ya yi ba! Ciwo ne!"

Na ce, "Garrett fa? Ya tambayi sunan Garrett?"

Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Garrett ne ke yi masa aski. Garrett ne ke yanke masa farce. Kai kuma kana nan kana ɗumama motar da ba mai hawa." Ta nuna kwalayen da ke falo, kayan gidan Baba da na kwaso na hana a bayar. "Dubi nan. Har tsofaffin jaridunsa."

Da ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Kullum sai ya tambayi Brito. Ni bai cika tambayata ba, amma Brito kullum. Garrett sai ya ce masa yana nan lafiya. Mijina ƙarya yake yi wa ubanmu saboda kai, ka sani."

Ta bar mini tukunyar miya a kan murhu. Ban taɓa ba. Daga baya na cinye.

Alhamis, 1 ga Fabrairu, ƙarfe 5 na yamma

Garrett ya same ni a garejin aiki, da takalmansa masu tsabta a cikin caɓi.

"Yaya Norb, na yi magana da Kawu Ambrose. Ya ce waccan ta zauna, amma ba abin da ya hana a yi sabuwa. In ba ka Tillery, ka ba ni Brito. Kowa ya koma gidansa."

Na ajiye sifana. "Sadaka ka kawo mini?"

"A'a, wallahi. Ni dai ba na son..."

"Ka je ka ba mabukata. Brito nawa ne. Da hannuna na tafa."

Abin da ya fi ƙona mini rai, da gaske yake. Da mugu ne da na huta. Mutum ya zauna a kujerar ubanka, ya ci farantin ubanka, ya ɗauki sunanka, sannan ya zo ya fi ka kirki a gaban abokan aikinka. Da me za ka rama?

Lahadi, 4 ga Fabrairu, ƙarfe 10 na safe

Mota. Ta ɗan yi gardama kafin ta tashi.

Talata, 6 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na safe

Asabar mai zuwa ce ranar riƙo. Kowa zai miƙe tsaye ya faɗi sunaye biyar da bakinsa, ba takarda, ba waya. Abin da ka faɗa ka faɗa. Baba ne ya kafa wannan al'ada, wai mutum ya ji nauyin sunan a harshensa.

Huɗu ba gardama. Na biyar ne matsala. Ina da wani yaro, Renny Voss, ɗan shekara ashirin da biyu, mai gudu kamar an koro shi. Bara benci ya ɗumama saboda akwai babba a gabansa. Makon jiya aka sayar da babban, wuri ya zama nasa. Duk mai hankali Voss zai riƙe. In na sake shi, Duane zai ɗauke shi a zagayen farko yana yi mini gwalo. Da Voss, bana zan iya kai hannu ga kofi, karo na farko a rayuwata.

In kuwa na saki Brito, ba wanda zai ɗauke shi sai can ƙarshe, ko ma a bar shi a ƙasa. Yaron Baba, a ƙasa, ba mai so.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, ƙarfe 4 na yamma

Na je.

Wanda ta fara soya fanken da ake yi gab da azumin Kirista, irin mai cike da jam da Baba ke so, ta cusa mini kwali a hannu ta ce, "Ka kai masa da kanka, ko kuwa kar ka sake taka mini shago." Da wannan na fake.

Wata ma'aikaciya ta raka ni har ƙofar ɗaki. Ta tambaye ni ko ni wa ne, na ce ɗansa. Ta ce, "Kar ka damu in ya kira ka Garrett. Duk namijin da ya shigo yanzu Garrett ne, tunda shi ne mai zuwa."

Ya rame. Askin dai ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Yana zaune a bakin taga da hular ƙungiya a kansa. Ya dube ni, fuskarsa ta washe yadda ban taɓa ganin ta washe mini ba.

"Garrett! Zo, zo. Rufe ƙofar. Me ka kawo?"

Na buɗe baki in gyara masa, sai na ga har ya kai hannu kan kwalin da murna. Na zauna. Ya ci fanke, sukari duk a haɓarsa.

"Yarona fa? Brito?"

Na ce, "Yana nan lafiya, Baba."

Ya matso, ya rage murya kamar muna shagon Wanda ana sauraronmu. "Saurara. Norbert zai zo maka. Zai lallaɓo da daɗin baki, ya ce ka ba shi Brito. Kar ka ba shi. Ka ji ni? Ko me ya kawo."

Na ce, "Don me, Baba?"

"Kai, hannun yaron nan ya kusa ƙarewa! Tun bara na gani, gwiwar hannunsa na sauka. Ni ban iya sakinsa ba. Kai za ka iya, ba ruwanka, lissafi kake yi. Amma Norbert?" Ya girgiza kai. "Ba ya iya sakin abu. Yana ƙarami safar cafkarsa ta yage, na sayo masa sabuwa, ya ɓoye ta a ƙarƙashin gado ya ci gaba da ɗinke tsohuwar. Halina ya ɗauko, kaf. Shi ya sa ban ba shi ƙungiyar ba. Da na ba shi, tsofaffina zai rungume har su ruɓe a hannunsa, ya yi ta shan kashi saboda ni. Bar shi ya ci kofinsa da nasa yaran."

Ya lashe yatsa. Ya dubi taga, na ɗauka ya tafi ke nan, sai ya dawo.

"Ya fi ni sanin wasan nan tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya fi duk teburin. Kar ka faɗa masa fa, kansa zai kumbura."

Na ce ba zan faɗa ba. Na goge masa haɓa. Ya tambaye ni ko an fara wasa, na ce sai ƙanƙara ta narke.

A mota na daɗe ban tada ba. Tun ina yaro nake jiran maganar nan. Da ta zo, Garrett aka faɗa wa.

Asabar, 10 ga Fabrairu, ƙarfe 6 na yamma

Shago ya cika da ƙamshin fanke. Kawu Ambrose ya ɗaura laktaye a wuya, kamar kowace shekara. Garrett ya miƙe ya faɗi nasa biyar, Tillery a farko, aka yi masa kuwwa. Da aka zo kaina na tashi, na faɗi huɗu a jere ba numfashi.

Duane ya ce, "Faɗi Voss mu wuce, kifi na hucewa."

Na riga na shirya tun a gida. A gaban madubi ma na gwada. Voss. Harafi huɗu ne, ba wuya. Baba da kansa ya ce in ci kofina da nawa yaran.

Na ce, "Eladio Brito."

Duane ya buga teburi har kofuna suka yi tsalle. "Allah ya saka maka da alheri, Norb! Voss, taho gida wajen babanka!" Rhonda ta rufe fuska. Kawu Ambrose ya ce, "Ka tabbata?" abin da doka ba ta ba shi damar tambaya ba. Na ce na faɗa. Garrett ne kaɗai bai yi dariya ba.

A wajen ajiye motoci ya biyo ni yana zamewa a ƙanƙara.

"Yaya Norb, an ce mini jiya ka je. Na ji daɗi ƙwarai. Ya gane ka? Me ya ce?"

Na dube shi. Maganar tasa ce, da sunansa aka yi ta, ya kamata in ba shi. Na ce, "Ba komai. Ya ci fanke."

Ita ma na riƙe.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, ƙarfe 2 na rana

Na tada motar Baba. Yau ban kashe ta ba, na tuƙa ta har can, da injin aski a aljihu.

Ya ɗago kai ya ce, "Garrett, ka zo?"

Na ce, "Na zo, Baba."